Abin da Jan Ganye Ke Yi wa Tsiro

Sabon tohon mangwaro ja yake fitowa. Ganyen yakan sauko laƙwas, mai laushi da sheƙi, launinsa tsakanin ja da makuba, sai ya yi kwanaki kafin ya yi ƙwari ya koma kore. Haka tohon darbejiya yake, haka na kanya da kaɗanya da doka, haka na koko a gonakin Ondo da Kumasi. A dazuzzukan Zambiya da Zimbabwe kuwa, wajen watan Agusta da Satumba, kafin ruwan farko ya sauka, daji guda ne ke rinewa ja saboda bishiyoyin sun yi toho a lokaci ɗaya.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, ganye da hasken rana yake haɗa abinci, shi kuma jan launin nan tare haske yake yi. Kuma ba kyauta tsiro ke samunsa ba, da sukarin jikinsa yake ƙera shi. To me zai sa tsiro ya ɗebi abincinsa ya haɗa abin da zai rage masa hasken da yake rayuwa da shi? Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da binciken shekarun baya-bayan nan ya fi nunawa shi ne, jan kariya ce. Ganye yakan haɗa shi ne a daidai lokacin da yake da rauni: ko yana jariri, ko sanyi ya kama shi, ko yunwa, ko tsufa, ko wata cuta ta kawo masa hari. Saboda haka wanda ya ga ja a ganye, abin da ya kamata ya tambaya shi ne wane haɗari ne tsiron ke karewa.

Launuka uku ne ke takara a cikin ganye. Akwai kulorofil, kore, wanda ke kama haske ya haɗa ruwa da iskar kabon ya fitar da sukari. Akwai karotinoyid, rawaya da ruwan goro, wanda kullum yana nan, koren ne kawai ya danne shi. Shi ya sa idan ganye ya tsufa koren ya janye sai rawayar ta bayyana. Na ukun shi ne antosayanin, mai ba da ja da shunayya da shuɗi. Shi ya bambanta da sauran biyun ta wani muhimmin fanni: a mafi yawan ganyaye ba ya nan sai an ƙera shi da gangan. Rawayar tsohon ganye tsohon abu ne da ya fito fili, amma ja sabon aiki ne.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Ludwig Marquart, shi ya raɗa wa sinadarin suna a 1835. Richard Willstätter, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1915 kan launukan tsirrai, shi ya fara tone tsarinsa, har ya gano cewa sinadarin da ke cikin wata shuɗiyar fure ta gonakin alkama a Turai shi ne dai a cikin jar fure mai ƙaya da ake kira ros. Yau an san ire-irensa fiye da 600. Mai son ganinsa da idonsa ba sai ya je ɗakin gwaje-gwaje ba. Jan zoɓo antosayanin ne. Ka zuba zoɓo a kofin gilashi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na lemon zai ƙara haske ya yi jawur, na kanwar zai dusashe ya koma baƙi-baƙi mai sirkin shuɗi ko kore. Sinadarin ɗaya ne, tsami da kanwa ne ke juya shi. A cikin ganye yana zaune ne a wata jakar ruwa da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta, kuma ruwan jakar mai ɗan tsami ne, shi ya sa muka fi ganinsa ja.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda kuma shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, shi ne rana tana iya yi wa ganye yawa. Haɗa abinci a ganye mataki biyu ne. Na farko kama haske, kuma wannan ba ruwansa da sanyi ko zafi: muddin rana ta faɗa kan kulorofil, zai kama. Na biyu shi ne amfani da ƙarfin da aka kama a ƙera sukari, kuma wannan aiki ne mai buƙatar ɗumi, da ruwa, da abinci daga ƙasa. Idan mataki na biyu ya yi sanyin jiki alhali na farko yana ta kamawa, ƙarfi sai ya taru babu wurin zuwa. Rarar nan takan faɗa kan iskar oksijin da ke cikin ganyen ta mayar da ita wasu sinadarai masu ƙuna, waɗanda ke yayyaga fatar ƙwayoyin halitta su lalata kulorofil ɗin kansa. Ganye yakan ƙone daga ciki ba tare da wuta ta taɓa shi ba.

A nan antosayanin ke shigowa. Sau da yawa yana taruwa ne a saman ganye, ɓangaren da ke kallon rana, sai ya shanye wani kaso na hasken, musamman koren haske wanda ke ratsawa can cikin ganyen, kafin ya kai ga kulorofil. Mai renon irin tumatir ko attaruhu yakan kafa 'yar rumfar ciyawa a kan irin har ya yi ƙarfin jure rana, sannan ya yaye ta. Abin da tohon mangwaro ke yi ke nan da kansa. Jaririn ganye bai gama gina kayan haɗa sukarinsa ba, fatarsa ba ta yi kauri ba, ga rana a kansa. Sai ya lulluɓe da ja, in ya yi ƙwari ya daina ƙera jan, kore ya karɓi wurin.

Akwai aiki na biyu. Antosayanin yana iya kashe kaifin sinadaran nan masu ƙuna kai tsaye. Kevin Gould da abokan aikinsa a ƙasar Niyu Zilan sun gwada wannan a 2002 da wata ƙaramar bishiyar dajin can mai suna horopito, wadda ganyenta ke da dabbare-dabbaren ja da kore. Sun soki ganyen da allura suka bi abin da ya biyo baya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sinadarin ƙunar ya ɓarke a ko'ina aka soka, amma a jajayen wuraren ya lafa cikin 'yan mintoci, a koren kuwa ya daɗe yana ci. Wasu masana suna da shakku a kan wannan, domin ƙunar a wurin kulorofil take tashi, shi kuma jan yana can cikin jakarsa. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ni dai na fi gamsuwa da cewa tare hasken shi ne babban aikin, kashe ƙunar kuma ƙari ne da ke amfani idan ganye ya ji rauni.

Manomin masara yana ganin wannan a gonarsa, kuma sau da yawa yakan ɗauka cuta ce. Mako biyu ko uku bayan shuka sai gefen ganyen ƙasa ya rine, ja mai duhu da sirkin shunayya, masarar ta tsaya cak ba ta tashi. Babban abin zargi a nan shi ne ƙarancin fosforas, ɗaya daga cikin sinadaran taki da tsiro ke sha daga ƙasa, kuma ƙasarmu ta yankin Sudan da Sahel an san ta da wannan ƙarancin. Yadda abin ke faruwa shi ne, tsiro yana buƙatar fosforas domin ya sarrafa sukarin da ganye ya haɗa, ya gina saiwa da sabon ganye da shi. Idan babu, girma ya tsaya, sukari ya yi ta taruwa a ganye. Taruwar sukarin ita ce ke tayar da ƙwayoyin gadon da ke ƙera antosayanin. Akwai hikima a nan da ke burge ni ƙwarai: antosayanin ba ya ɗauke da naitirojin ko fosforas ko kaɗan, da kabon da haidirojin da oksijin kawai aka gina shi. Wato tsiron da ke fama da yunwar taki ya ɗauki abin da ya yi masa yawa, sukari, ya ƙera kariyar da ba ta cin komai daga abin da ya rasa. Dalilin da ya sa ganyen ƙasa ke fara rinewa kuwa, tsiro yana kwashe ɗan fosforas ɗin da ke tsofaffin ganye ya kai wa sababbi.

Sai dai ba kowane jan ganyen masara ne ke nufin a ruga a sayo takin supa ba. Mai noman rani da ya shuka a tsakiyar hunturu, a Kadawa ko Bakalori, zai iya ganin jan nan alhali ya sa taki isasshe. Ƙasa ce ta yi sanyi, saiwa ta kasa jawo abin da ke gabanta, ga shi da safe rana ta fito tarwai a kan ganyen da ya kwana cikin sanyi. Ana ganin irin wannan a bayan ganyen irin tumatir ma. Da gari ya yi ɗumi sai sabon ganye ya fito kore. Ƙasar da ta daskare ta yi tauri, ko wadda ruwa ya kwanta mata, ita ma tana hana saiwa yawo, sakamakon ɗaya ne. Wasu irin kuma jan a jininsu yake. Abin da ya fi dacewa shi ne a tone tsiro ɗaya a duba saiwarsa, a kuma lura ko sababbin ganyen na fitowa kore. Idan gona ce da ta saba yin haka kowace damina, maganin yana wurin shuka ne, domin fosforas ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama. Shi ya sa dabarar nan da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa daga Nijar, ta sa ɗan taki kaɗan a ramin shuka, take yin tasiri fiye da watsa shi a sama bayan tsiro ya riga ya nuna alama.

Idan kuma babbar masara ce, bayan ta fitar da kai, ka ga tsiro ɗaya ya yi jawur daga kara har ganye a tsakiyar korayen 'yan'uwansa, je ka duba shi. Galibi za ka tarar bai yi goyo ba, ko kuma tsutsa ta huda karan. Ganye na ta haɗa sukari, babu ƙwayar da za ta karɓa, ko hanyar ta yanke.

A ƙasashen sanyi wannan batu ya fi fitowa ne lokacin zubar ganye, daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da dazuzzukan gabashin Amurka da Kanada da Japan ke komawa ja, har da bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada. An daɗe ana ɗauka cewa wannan ja sharar mutuwa ce kawai. Amma me zai sa bishiya ta kashe sukari a kan ganyen da ya rage kwanaki ya faɗi? Dalili shi ne ganyen cike yake da naitirojin, kuma bishiya takan kwashe kusan rabinsa ko fiye ta adana a reshe da saiwa domin tohon baɗi. Kwashewar tana buƙatar ganyen ya ci gaba da rai alhali ana wargaza kulorofil ɗinsa, cikin sanyi da rana mai haske, wato lokacin da ƙuna ta fi sauƙin tashi. A 2001 Taylor Feild da David Lee da Michele Holbrook sun nuna cewa jajayen ganyen wata ƙaramar bishiya sun fi rawaya saurin farfaɗowa bayan an haska musu haske mai tsanani. A 2003 William Hoch da abokansa a Jami'ar Wisconsin suka kwatanta tsirran da ke iya yin ja da 'yan'uwansu da suka rasa wannan baiwa, suka tarar marasa jan sun kwaso naitirojin kaɗan idan aka bar su a fili cikin rana da sanyi.

Akwai wani ra'ayi na daban daga William Hamilton, shahararren masanin halittu ɗan Ingila, wanda ya rubuta tare da Sam Brown, aka wallafa shi a 2001 bayan rasuwar Hamilton. Sun duba ire-iren bishiya 262 suka ce launin gargaɗi ne ga ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, irin darɓa, waɗanda ke neman bishiyar da za su yi ƙwai a kanta kafin sanyi. An ga shaidar cewa ƙwarin sun fi sauka a kore da rawaya. Amma idonsu ba ya rarrabe ja yadda namu ke yi, don haka mai yiwuwa ne jan ɓoye ganyen yake yi, ba tsoratarwa ba. Har yanzu ana tafka wannan muhawara. A dajin Panama kuma, Phyllis Coley da Mitchell Aide sun gano a 1989 cewa tururuwan da ke yankar ganye su kai gida su noma funfunar da suke ci suna guje wa ganyen da ke da antosayanin da yawa.

Alayyafo ja, a lura, ba ya cikin wannan dangi. Shi wani sinadari daban yake ƙerawa mai suna betalen, wanda ke ɗauke da naitirojin, kuma ba a taɓa samun tsiro ɗaya da ke yin betalen da antosayanin tare ba. Hanya daban, amma aikin kariyar kusan ɗaya.

Inda maganar ta fi daɗi a wurina shi ne dawa, domin a nan jan ya tashi daga inuwa ya zama makami. Duk wanda ya ratsa gonar dawa a ƙarshen damina ya ga jajayen tabo a ganye, wasu zagaye, wasu dogaye, kuma duk inda tsutsa ta ci ko ƙarfen garma ya karce, bakin raunin ja yake yi. Dawa tana ƙera wani reshe na musamman na dangin antosayanin wanda ba kasafai ake samunsa a sauran tsirrai ba, manyan cikinsu su ne afijeninidin da lutiyolinidin. Ralph Nicholson na Jami'ar Purdue a Amurka ya nuna a 1987 cewa waɗannan sinadarai guba ne ga funfunar da ke haddasa cutar tabon ganye da ruɓewar kara da ake kira antaraknos, ɗaya daga cikin manyan cututtukan dawa a wuraren da ke da danshi.

A 1990 Nicholson da Beth Snyder suka bayyana yadda yaƙin ke gudana a cikin ƙwayar halitta guda. Ƙwayar funfunar takan sauka a kan ganye, ta manne, ta fara huda fata. Ƙwayar ganyen da ake hudawa sai ta fara tara wasu 'yan ƙulle-ƙulle marasa launi, su yi ta gangarowa zuwa daidai inda ake hudar. Suna tafe suna rinewa, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, suna haɗewa da juna. Daga nan sai su fashe su zubar da abin da ke cikinsu. Ƙwayar ganyen takan mutu, amma funfunar ma ta gamu da guba tun ba ta yi nisa ba. Jan tabon da manomi ke gani shi ne filin da aka gwabza. Bincike na baya ya nuna cewa bambancin irin dawa mai jure cutar da mara jurewa ba a iya yin jan yake ba, dukkansu suna yi. Mai jurewa ya fi sauri, ya fi tarawa da yawa, kuma haɗinsa ya ƙunshi lutiyolinidin wanda ya fi dafi. Mara jurewa yakan yi ja bayan funfuna ta riga ta wuce, shi ya sa ganyen da ya cika da manyan jajayen tabo har suka haɗe alama ce ta an ci shi da yaƙi. Ƙananan ɗige-ɗigen da suka tsaya wuri ɗaya ba su bazu ba, su ne alamar an tare maharin. Wani abin lura kuma, antosayanin na yau da kullum galibi sai da haske ake ƙera shi, amma wannan na yaƙi dawa tana ƙera shi ko cikin duhu.

Wannan sinadari Bahaushe ya daɗe da saninsa ta hanyar sana'a. Karan dafi irin dawa ne da ake nomawa ba don hatsi ba, domin zangarniyarsa ba ta da auki, sai don ɓawon ganyen da ke naɗe da karan. Manoma sun yi ta zaɓen irin da ke cika ɓawonsa da ja ko ba a kawo masa hari ba, har ya zama ɗaya daga cikin wuraren da afijeninidin ya fi taruwa a duk tsirran da aka sani. Da shi majema da dukawan Kano da Sakkwato ke rina fatar jar akuya, a daka ɓawon a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, fatar da ta bi ayari ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Shi ne ke ba wake da shinkafar Gana, waakye, launinta, kuma a Benin ana shafa shi a bayan cukun Fulani. Dalilin da ya sa ya dace da waɗannan ayyuka yana cikin tsarinsa: ya fi jan zoɓo jure zafi da kanwa, ba ya saurin kwaɗewa. Kamfanonin abinci a ƙasashen waje suna bincikensa yanzu saboda wannan, suna neman abin da zai maye gurbin launin roba.

Mutane da yawa suna jiƙa karan dafi ko zoɓo su sha don ƙarin jini, kuma ina ganin kamannin launi na cikin abin da ya jawo hakan. Jan jini daga sinadarin ƙarfe yake, antosayanin kuwa babu ƙarfe a cikinsa. Yana da nasa amfanin a jiki da ake ta nazari, amma mai juna biyu ko yaron da idonsa ya yi fari fat, asibiti ya kamata a kai shi a auna jininsa.

Masu inganta iri suna da nasu lissafin da wannan ja. Dawar da jikinta ke yin ja ko shunayya takan ɓata farar ƙwaya idan ruwa ya taɓa zangarniya ko ƙwari suka soke ta, garin ya fito da dabbare, tuwo ya yi duhu. Saboda haka idan ana neman farar dawa ta masana'antar gari ko lemon kwalba, an fi son irin da rauninsa ke yin ruwan ƙasa maimakon ja. Waɗannan ma suna da nasu sinadaran kariya, dangin na jan amma marasa launi sosai, kuma akwai masu jure cuta a cikinsu. Amma sai an gwada kowane iri a filin da funfunar take, a damina mai ruwa irin ta kudancin Kaduna ko Neja, kafin a san ko farin da aka samu ya zo da asarar kariya. Shi kuma karan dafi, tun da launin kanti ya shigo majema, masu shuka shi sai raguwa suke, galibi 'yan layuka ne a gefen gona. Iri ne da ya cancanci a tattaro shi daga hannun waɗanda suka rage suna nomawa, a adana a rumbunan iri irin na Samaru, a kuma ci gaba da shuka shi.